Gado Na Huɗu a Ɗakin Mata

Tun da aka idar da sallar asuba numfashin Dije ya ƙi daidaita. Ba yau ta fara ba, shekara uku ke nan ciwon zuciya yana kumbura mata ƙafafu, yana hana ta barci sai a jingine. Amma na wannan safiyar daban ne. Ta zauna a bakin katifa ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, tana jan iska da ƙyar kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Mijinta Malam Jibrin ya tsaya a kanta da hula a hannu. Shekara ashirin da shida yana aiki a ɗakin kati na asibiti. Ba likita ba ne, allura ma bai iya ba, amma ya ga leɓen masu ciwo da yawa, ya san abin da ake nufi idan ya fara yin duhu. Gado mai iskar oksijin Dije take bukata, kuma yau take bukatarsa.

"Shamsiyya," ya ce da 'yarsu, "samo adaidaita ki kai ta sha-ka-tafi na nan Gwale su rubuta ta a layi. Suna da ƙaramar tukunyar iska, za su sa mata kafin nan. Ni zan wuce wurin aiki. Akwai gado."

"Baba, ka tabbata?"

"Da idona na gan shi jiya. Na huɗu a ɗakin mata. Ba kowa a kai."

Dije ta ɗago kai, ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata ta ce, "Malam, ka karya kafin ka fita." Ka ji mace, ita da ba ta iya haɗa kalma huɗu ba tare da ta huta ba, kokon mijinta ne ya dame ta. Ya ce to, ya sa takalmi ya fita bai sha ba.

Da a da ne, da magana ta ƙare a nan. Ma'aikacin asibiti ya kawo matarsa, ga gado a fili, sai a kwantar da ita a cike takarda daga baya. Asibitin nasu ba babba ba ne, yana cikin lungu idan ka shigo ta Ƙofar Na'isa, gado arba'in da biyu, shida daga ciki masu oksijin a ɗakin mata. Ƙirgar gadajen nan kuwa a hannun Malam Jibrin take tun gemunsa yana baƙi. Kullum da safe sai ya ɗauki biro da 'yar takarda ya zaga ɗaki-ɗaki, ya gaisa da masu jinya, ya yi wa masu ciwo sannu, ya ƙirga da idonsa, sannan ya buga waya cibiyar da ke raba wa marasa lafiya gadaje ya faɗa musu. Wata rana a ɗauka, wata rana a bar shi yana ta halo-halo shi kaɗai. Kafin azahar abin da ya faɗa ya tsufa, a aika mara lafiya inda ba wuri, a tsallake inda ke da wuri. An yi asarar mutane ta haka. Ba mai musun wannan, shi ma Malam Jibrin bai taɓa musu ba.

Wata huɗu da suka wuce aka zo da sabon tsari. Wani injiniya mai suna Umair, mutum mai fara'a da saurin magana, ya yi sati biyu a ɗakin kati yana haɗa kwamfutar asibitin da ta cibiya ta intanet. Ya ce daga yanzu su biyun za su riƙa yi wa juna magana, ba ruwan kowa. Duk minti biyar ta nan za ta faɗa wa ta can gado nawa ne a cike, nawa ne a sake, da wuta ko babu, ɗakin tiyata na aiki ko ya tsaya. Ita kuma ta can ta duba layin marasa lafiyar da ƙananan asibitoci suka rubuta, ta jera su bisa tsananin ciwo, ta ba na gaba gadon da ya samu. Babu ɗan'uwa, babu ɗan unguwa, babu "don Allah Sista". Aka kafa allo a bangon baranda, kore idan akwai wuri, ja idan babu.

Sai dai gado ba ya zama a sake sai an rufe fayil ɗin wanda ke kai. Fayil kuwa ba ya rufuwa sai an tura lambobi shida wayar ɗan'uwan mara lafiya, ya karanto, a shigar. An yi haka ne saboda a wasu wurare an kama masu sallamar mutum a takarda alhali yana kwance, don su ba nasu gadon. Dabara ce mai kyau ga wanda ya warke ya kama hanyar gida yana dariya. Amma wanda ya tsara ta da alama bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin jinya a cikin birnin Kano lokacin da aka yi rasuwa ba.

Mu nan ba ma ajiye gawa. Rai ya fita da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Wannan na neman mota, wancan ya ruga sayen likkafani, wani na kiran masu haƙa, mata na kuka ƙasa-ƙasa a baranda. A cikin wannan hali ake so Malam Jibrin ya tari mutum ya ce, "Alhaji, duba wayarka ka karanto min lamba." Ya gwada sau ɗaya, a satin farko. Mutumin, wanda mahaifiyarsa ce aka naɗe a tabarma, ya yi masa wani kallo da har yau idan ya tuna sai kunya ta rufe shi. Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Wanda aka yi wa rasuwa a bar shi ya tafi da gawarsa. Bayan sadakar uku shi zai je da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, a cikin hira ya karɓi lambar. Kwana uku, me za su rage? Haka ya riƙa faɗa wa kansa. 'Yan unguwa suka yi ta sa masa albarka, shi ma abin yana yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba.

Ƙarfe takwas saura ya isa asibitin. Allon baranda ja wur, ɗakin mata babu gadon oksijin ko ɗaya. Ya leƙa ta taga, ga na huɗu can an shimfiɗa masa sabon zanen gado, an ajiye matashi, ba kowa. Hajiya 'Yardada ce ta rasu a kansa jiya da hantsi, matar Alhaji Ashafa mai turare, kuma fayil ɗinta na nan a buɗe a teburin Malam Jibrin yana jiran sadakar uku.

Ya sami babbar nas ta ɗakin, Sista Sa'adiyya, tana duba katunan magani.

"Sista, Dije ce. Jikin ya tashi sosai. Ina so a sa ta a na huɗu."

Ta dube shi, ta dubi allon. "Malam Jibrin, na huɗu a cike yake."

"Ga shi ina kallonsa."

"Ni ma ina kallonsa. Amma a kwamfuta Hajiya 'Yardada na nan kwance tana shan iska." Ta ajiye katunan ta rage murya. "Gado katifa ce kawai, yanzu sai in ba ka. Amma injin iskar an mayar da shi sito tun jiya don a wanke. Mai sito ba zai buɗe ƙofa ba sai ya ga sabuwar lambar kwantarwa a nasa allon, ka san abin da aka yi wa wanda ya riga shi a watan jiya. Lambar kuwa daga cibiya take zuwa. Na faɗa maka ba sau ɗaya ba, wannan karar taka wata rana sai ta ja mana."

Ya shiga ɗakin kati ya kira Umair. Ya zayyana masa komai, har ya ji kansa yana roƙo, shi da ya haifi sa'an Umair ɗin.

"Baba, wallahi ba ni da mabuɗin," in ji Umair. "Da gangan muka cire shi. Idan ni zan iya buɗewa, gobe wani babba zai kira ni ya ce in buɗe wa matarsa. Tsaya tukuna, ka ce tun jiya ta rasu? Baba, fayil nawa kake bari haka?"

Malam Jibrin ya dubi fayil ɗin da ke kan teburinsa.

"To, bar wannan," Umair ya ce da sauri. "Ka kira mijin ya karanto maka. Minti ɗaya ne. Da ka rufe, kafin minti biyar cibiya ta gani."

Ya kira Alhaji Ashafa, waya a kashe. Ya sake, a kashe. Dama wa zai bar waya a kunne washegarin da ya binne matarsa, duk Kano na kiransa? Ya ɗauki wayar ofis, wadda ake iya rufe fayil da ita daga ko'ina, ya zura a aljihu ya fita.

Gidan Alhaji Ashafa can wajen Ƙofar Mazugal yake, sai ka ratsa cikin gari kaf. An kwana ana ruwa, lunguna sun cika da taɓo, kwatoci sun tumbatsa. Mai adaidaitan da ya ɗauke shi ya kai wani wuri ya ce shi dai a nan zai tsaya, ba zai jefa ƙafar injinsa a ramin da bai ga ƙarshensa ba. Malam Jibrin ya tattare rigarsa ya ƙarasa a ƙasa, yana tsallake ruwa, yana bin gefen katanga. Dattijo mai shekara hamsin da takwas yana sassarfa a cikin lungu, mutane na ba shi hanya suna bin sa da kallo. Ƙarfe goma ta gota kafin ya hango rumfar makoki.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun fi arba'in. Alhaji Ashafa na tsakiya a jingine da bango, carbi a hannu, idanunsa sun yi ja. Malam Jibrin ya cire takalmi, ya durƙusa ya miƙa hannu.

"Alhaji, ya haƙuri?"

"Alhamdulillahi, Malam Jibrin. An gode."

"Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. A yi mata salati goma."

Aka yi, aka shafa. A nan ya kamata ya matsa kusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Har ya buɗe baki. Sai Alhaji Ashafa ya riƙe hannunsa ya juya ga jama'a.

"Kun ga wannan bawan Allah? Jiya da abin ya faru, na zaci za a tsare mu da takardu da tambayoyi. Shi ne ya ce, Alhaji, ɗauki iyalinka ka tafi, sauran ka bar min. Wallahi ba zan manta ba. Irinsu sun yi ƙaranci a asibitocin nan."

Jama'a suka ɗauka, "Allah Ya saka da alheri, Allah Ya yi albarka." Wani tsoho ya ce shi ma haka ya yi musu lokacin rasuwar ƙanwarsa. Aka matsa aka ba shi wuri a kan darduma. To, ka faɗa min, da wane bakin mutum zai ce, bayan wannan yabo, "Dama lamba na zo karɓa"? Ya zauna. Ya ce a ransa bari wannan ayarin ya tashi. Ayarin bai tashi ba wani ya iso, 'yan kasuwa abokan Alhaji, aka sake salati, aka sake shafawa. Bayansu liman ya zo da mutanensa, ya ja doguwar addu'a. Malam Jibrin ya ɗaga hannu tare da kowa, bakinsa na cewa amin, zuciyarsa na can kan bencin sha-ka-tafi. Ya ji haushin kansa ƙwarai, amma haushin bai ɗaga shi daga kan dardumar ba.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Shamsiyya ce. Ya miƙe ya koma gefe, bayan wata mota.

"Baba, nas ta ce cibiya ta ba mu gado. Amma ba a wurinku ba, wani asibiti ne can bayan gari, hanyar Zariya. Za su turo mota mai iska ta ɗauke mu. Ta ce in amsa ko in ƙi, minti biyar suka ba mu."

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi kaɗan tun da aka sa mata abin. Amma nas ta ce tukunyar ta yi ƙasa."

Ya yi tunani, in har za a kira wannan tunani. Bayan gari, da wannan ruwa da cunkoson motoci, tafiyar awa guda ce ko fiye. A kai Dije cikin baƙi, inda ba wanda ya san sunanta, inda shi kansa sai ya nemi izini a ƙofa kafin ya gan ta. Ga gado na huɗu, minti goma daga inda take, a hannun Sista Sa'adiyya da ta san ciwon nan tun farkonsa. Ga kuma Alhaji Ashafa, taku ashirin daga inda yake tsaye.

"Ki ce mun gode. Muna da gado a nan."

"Baba, nas ta ce idan muka ƙi..."

"Na ce miki akwai gado. Ba ni minti goma." Ya kashe wayar.

Wannan karon bai jira kowa ba. Ya ratsa mutane ya durƙusa dab da kunnen Alhaji Ashafa, ya faɗa masa a gurguje, kansa a ƙasa, gumi na bin wuyansa. Ya ce a yafe masa, ya san ba lokacinsa ba ne, larura ce ta sa.

Alhaji Ashafa ya saki carbin. "Haba Malam Jibrin! Tun ɗazu kana zaune da wannan a cikinka? Iyalinka na can ba numfashi, kai kana nan kana min kara? Me ya hana ka faɗa tun jiya? Lamba ce fa kawai. Ita Hajiya ta riga ta tafi, me za ta yi da gado?" Ya juya ga ƙaninsa. "Haruna, shiga ka karɓo min wayata wajen mata, yi sauri."

Wannan magana ta fi zagi yi wa Malam Jibrin ciwo. Wata huɗu yana kare mutane daga abin da ashe wasunsu ko a jikinsu.

Haruna ya daɗe, don sai da aka nemi wadda ta adana wayar a cikin taron mata. Da aka kunna ta kuma saƙonnin ta'aziyya suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Malam Jibrin ya tura saƙon lambobin daga wayar ofis, suka jira. Alhaji ya sa tabarau, ya bi saƙonnin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai gare shi, ya karanto lambobin a hankali. Malam Jibrin ya shigar. Wayar ofis ta nuna an rufe fayil. Ya yi godiya, aka bi shi da addu'ar Allah Ya ba ta lafiya, ya sa takalmi ya fito bakin lungu ya kira Sista Sa'adiyya.

"Na rufe. Duba allon."

"Har yanzu ja ne. Jira." Ya ji takunta, ya ji kukan wani jariri a can nesa. Minti biyar ɗin nan sun yi masa tsawo. "Yauwa, ya koma kore. Ɗaya."

"Alhamdulillahi. Ki ce wa mai sito ya shirya."

"Tsaya. Ya sake komawa ja. An bayar."

"To, ai Dije ce."

"Malam Jibrin, ba ita ba ce. Wata ce Aminat Bashir, daga wani sha-ka-tafi. An rubuta tun jiya da la'asar take layi." Ya ji tana danne-danne. "Ina ganin sunan Dije. Ita ce ta tara."

"Ta tara kamar yaya? Ɗazu ita ce a gaba, har gado suka ba ta."

"Kun ƙi karɓa ne?"

"Ni na ce a ƙi," ya ce.

"Inna lillahi. Wanda aka ba gado ya ƙi, ƙarshen layi yake komawa. Ba a faɗa muku ba?"

An so faɗa masa. Shi ne ya kashe waya.

Ya jingina da katangar wani gida, taɓo ya shiga takalminsa bai ji ba. Ya sake kiran Umair, ya tambaye shi ko za a iya dawo musu da na bayan garin, sun yarda, ko ina ne sun yarda. Umair ya duba ya ce an ba wata tun minti ashirin da suka wuce, motar ma ta ɗauke ta. Ya ce zai kira cibiya da kansa, zai nemi likitan da ke can ya sake duba matsayin Dije ko a ɗaga ta sama, amma akwai takwas a gabanta kuma kowacce iska take nema. Saurin maganar nan tasa duk ya tafi. "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi don a daina rasa mutane muka yi abin nan."

"Na sani," in ji Malam Jibrin. "Ba laifinka ba ne."

Kuma da gaske yake. Wa zai ɗora wa? Na'ura abin da aka faɗa mata ta faɗa. Ita Aminat Bashir ɗin nan da bai taɓa gani ba, tun jiya da la'asar take kan wani benci tana haki, alhali gado na huɗu na nan a shimfiɗe, saboda shi yana jin kunyar Alhaji Ashafa. Kafin ita kuma su nawa ne? Wata huɗu, kusan kowane sati ana rasuwa ɗaya ko biyu, kowacce kwana uku. Ya fara ƙirgawa, aikinsa ke nan shekara da shekaru, sai ya ji ba zai iya ƙarasawa ba. Bai san sunayensu ba, bai san ina aka kai su ba, bai san ko sun isa ba.

Sista Sa'adiyya ta kira shi da kanta. "Kawo ta, in shimfiɗa ta ko a baranda ne, abin da zai faru ya faru. Amma in faɗa maka gaskiya, iska ba ni da ita. Biyar na hancin mutane, na shida ga mai shi nan a hanya. Wa zan cire wa?"

Ya ce ya gode. Ya samu adaidaita a bakin titi ya ce Gwale.

Sha-ka-tafin ɗaki uku ne da baranda. Shamsiyya na tsaye a ƙofa, mayafinta ya jiƙe da yayyafi. Da ta ga fuskarsa ba ta tambaye shi komai ba. Ta dai ce, a hankali, "Baba, na so in faɗa maka."

"Na sani, uwata. Na sani."

Nas ɗin wurin ta ja shi gefe ta nuna masa kan tukunyar. Allurar ta kwanta a kan ja. Ita ke nan gare su, ta ce, ta aika a aro wata tun ɗazu, inda aka je su ma tasu ta ƙare. In an cire mata a sa ta a adaidaita, ba ta jin za ta kai Ƙofar Na'isa. In an bar ta, abin da ya rage bai fi na rabin awa ba. Ta duba layin a gabansa don ya gani da idonsa. Dije ta koma ta takwas.

Ya shiga. An kwantar da ita a jingine a kan gadon duba marasa lafiya, an tara mata zannuwa a baya, robar iska a hancinta. Ta rame a cikin rabin yini, ko kuwa shi ne sai yanzu ya kalle ta da kyau. Shekara talatin da ɗaya suna tare. Ya jawo kujera ya zauna, ya kama hannunta, ya ji shi da sanyi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da baƙin cikin da ba shi da inda zai kai shi, don duk inda ya juya kansa yake gani.

Ta buɗe ido, ta dubi ƙafafunsa da suka yi dumu-dumu da taɓo, ta dubi fuskarsa.

"Malam... an samu?"

Shamsiyya na tsaye a bayansa. Ya ji ta ɗauke numfashi.

"An samu," ya ce. "Sista na gyara miki shi. Mota na hanya."

"Alhamdulillahi." Ta huta, ta sake tattaro iska. "Dama na ce wa Shamsiyya... ta kwantar da hankalinta. Kai ba ka faɗar... abin da babu."

Shamsiyya ta toshe baki da mayafi ta fita baranda.

"Bari in ɗan runtsa," in ji Dije. "In motar ta zo... ka tashe ni."

"To," ya ce.

Ta rufe ido, hankalinta a kwance. Ya ci gaba da riƙe hannun, ya juya kujerarsa ya fuskanci ƙofa kamar mai jiran mota, don in ta farka ta same shi a haka. A gefensa ƙarar iskar da ke fita daga tukunyar tana ta raguwa, har sai da ya kasa kunne kafin ya ji ta.